Michael DeBakey: Ɗan mai kemis da ya yi wa zuciya famfo

A yanzu haka akwai dubban mutane a Amurka da Turai da suke zuwa aiki, suke cin abinci, suke hira da iyalansu, amma in ka kama wuyan hannunsu da kyar za ka ji bugun jini, wasu ma ba za ka ji komai ba. Ba aljanu ba ne. Wani ɗan ƙaramin famfo ne aka dasa musu a ƙirji, yana juyawa dare da rana yana tura jini a madadin zuciyar da ta gaji. Likitoci suna kiran na'urar LVAD. In aka bi tarihinta baya, dole a tsaya kan sunan Michael DeBakey.

An haife shi ranar 7 ga Satumba, 1908, a garin Lake Charles da ke jihar Louisiana ta Amurka. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Labanan, asalin sunan gidansu ma Dabaghi ne kafin a sauya shi ya dace da bakin Turawa. Babansa kantin magani gare shi. Mamarsa kuwa gwanar ɗinki ce, kuma ita ta koya masa riƙe allura tun yana yaro. Ku riƙe maganar ɗinkin nan, za ta dawo.

Ya karanta likitanci a Jami'ar Tulane da ke New Orleans, ya gama a 1932. Tun yana ɗalibi, yana da shekara 23, ya gyara wani nau'in famfo don ƙarin jini. Yadda yake aiki ba wuya: wasu ƙananan tayoyi ne ke birgima a kan robar da jini ke bi, suna matsa ta suna tura jinin gaba, ƙarfe bai taɓa jinin ba sam. Shekara ashirin bayan haka, a 1953, da John Gibbon ya yi nasarar tiyatar zuciya ta farko da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, irin wannan famfon ne a cikin injin. Wato aikin ɗan makaranta ne ya shiga ɗakunan tiyata na duniya.

Daga nan ya ƙaro ilimi a Faransa da Jamus, ya dawo ya yi aiki da malaminsa Alton Ochsner. Su biyun suka rubuta a 1939 cewa akwai alaƙa tsakanin shan taba da sankarar huhu, a zamanin da likitoci da kansu ke busa sigari a asibiti. A yaƙin duniya na biyu ya yi aiki da sojan Amurka, yana cikin masu ra'ayin a matso da likitocin tiyata kusa da fagen daga maimakon a jira a kwaso masu rauni zuwa nesa. A 1948 ya koma Houston a jihar Texas, ya karɓi sashen tiyata na makarantar likitanci ta Baylor, kuma a can ya ƙare rayuwarsa.

To, ɗinkin. A farkon shekarun 1950 yana neman abin da zai maye gurbin jijiyar jini idan ta kumbura tana shirin fashewa. Ya shiga wani kanti neman yadin nailan, bai samu ba, aka nuna masa wani sabon yadi mai suna Dacron. Ya saya ya kai gida, ya hau keken ɗinkin matarsa, ya ɗinka shi kamar bututu. Jikin mutum ya karɓi yadin. Har yau ana sa irin wannan jijiyar ta yadi a tiyata.

Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne zuciyar da kanta. Ciwon gazawar zuciya ba yana nufin zuciya ta tsaya ba ne. Tana bugawa, ƙarfin ne babu. Lafiyayyar zuciya na tura kimanin lita 5 na jini a minti ɗaya in mutum yana zaune. Idan ɗakinta na ƙasa ta hagu, wanda shi ke tura jini zuwa duk jiki, ya raunana, sai ruwa ya taru a huhu, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai ya jingina da filo biyu ko uku, taku goma ya zama masa kamar hawan dutse. Mu ma ba baƙon ciwo ba ne a wajenmu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda yake yawan kama mata masu jego, kuma hawan jini na jefa mutane da yawa cikinsa.

Tunanin DeBakey shi ne, ba sai an cire zuciyar ba. A bar ta a wurinta, a haɗa mata mataimaki da zai ɗebi jini daga ɓangaren hagu ya zuba shi cikin manyan jijiyoyi, ita kuma ta samu ta huta. Ya yi ta zarya majalisar dokokin Amurka neman kuɗin bincike, har gwamnati ta buɗe shirin ƙera zuciyar roba a 1964. Gwajin farko da tawagarsa ta yi a jikin mutum a 1963 bai yi daɗi ba, majinyacin ya rasu bayan kwana huɗu. Sai a watan Agustan 1966 aka dace. Wata mata 'yar Meziko mai shekara 37 aka sauya wa bawul na zuciya, da aka gama zuciyarta ta kasa ɗaukar aiki ita kaɗai. Aka haɗa mata famfon, yana wajen jiki, ya yi kwana 10 yana taya ta. Zuciyar ta farfaɗo, aka cire shi, matar ta koma gida da ƙafarta.

Sai rigima. Ranar 4 ga Afrilu, 1969, DeBakey yana Washington, abokin aikinsa Denton Cooley ya cire zuciyar wani mutum mai shekara 47 gaba ɗaya, ya sa masa ta roba. Wanda ya ƙera ta, Domingo Liotta, a ɗakin binciken DeBakey yake aiki, kuma gwajin da aka yi a jikin maruƙa bai kai a ce a sa wa ɗan Adam ba. Mutumin ya yi awa 64 da ita, aka samu zuciyar mutum aka dasa masa, ya rasu bayan kamar awa 32. DeBakey ya ɗauki abin a matsayin cin amana da ganganci da ran majinyaci. Cooley kuma ya tsaya a kan cewa mutumin mutuwa zai yi, ƙoƙarin ceto ya yi. Asibitocinsu na makwabtaka da juna, amma kusan shekara 40 suka yi suna gaba, sai a 2007 suka shirya. Ni dai a wannan na fi karkata ga DeBakey, domin na'urar ba ta nuna ba tukuna. Sai dai shi ma fa ba waliyyi ba ne. Ɗalibansa sun sha ba da labarin zafin ransa, yadda yake korar likita daga ɗakin tiyata a kan ƙaramin kuskure. Aiki gare shi kamar ba gobe, barcin awa huɗu ko biyar, kuma yana so kowa ya zama haka.

Manyan duniya sun yi layi a gabansa. Shi ya yi wa hamɓararren sarkin Iran tiyata a Masar a 1980, shi ne kuma ya je Rasha a 1996 ya sa ido lokacin da aka yi wa shugaba Boris Yeltsin aikin zuciya. Ana ƙiyasta ya yi wa mutum sama da 60,000 tiyata.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne yana tsoho. A 1984 tawagarsa ta yi wa wani injiniyan hukumar sararin samaniya ta NASA dashen zuciya. Daga hirar likita da majinyaci aka haɗa shi da injiniyoyin da suka san famfunan da ke tura mai cikin injin kumbo. Matsalar da suka zauna a kanta ita ce, jini ba fetur ba ne. In famfo ya dake shi da ƙarfi ƙwayoyinsa su fashe, in ya samu lungun da zai tsaya ya daskare. Sakamakon shi ne wani famfo da zai zauna a tafin hannu, mai ɗan farfela a ciki da ke juyi kusan sau 10,000 a minti ɗaya. An fara dasa shi a jikin mutum a Jamus a 1998, DeBakey na da shekara 90. Shi wannan ba ya bugawa kamar zuciya, kwararar da jini yake yi ba tsayawa, shi ya sa bugun hannu ke ɓacewa. Nasa samfurin bai mamaye kasuwa ba, daskarewar jini ta dame shi, wasu irin su HeartMate suka sha gabansa. Amma hanyar da aka bi ke nan.

Kada kuma wani ya ɗauka dasa famfo shi ne ƙarshen wahala. Akwai waya da ke fitowa ta fatar ciki zuwa na'urar sarrafawa da batura, majinyaci na rataye da su duk inda za shi. Bakin wurin da wayar ta fito sai an riƙa wanke shi ana sauya bandeji cikin tsafta, in ba haka ba ƙwayoyin cuta su bi ta nan su shiga. Ba iyo, ba nutsewa cikin ruwa. Kullum sai an sha maganin tsinka jini: ya yi yawa jini ya ɓalle a hanji ko a ƙwaƙwalwa, ya yi kaɗan gudan jini ya toshe famfon ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Awon hawan jini ma sau da yawa sai da na'ura ta musamman. Dole a samu wani a gida da ya iya sauya batir kuma ya san ma'anar kowace ƙara da na'urar za ta yi. Da daddare a jikin wutar gida ake jona ta, don haka ku kwatanta da unguwar da ake kwana uku ba a kawo wuta ba. Wasu ana sa musu ne su jira dashen zuciya, kamar tsohon mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney da ya zauna da ita daga 2010 zuwa 2012. Wasu kuwa da ita za su ƙarasa rayuwa. Wani babban bincike da aka fitar a 2001 ya nuna kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa famfo sun kai shekara guda a raye, a masu shan magani kaɗai kuwa kashi 25 ne.

A ranar ƙarshe ta 2005, yana da shekara 97, babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciyarsa ta tsage, ciwon da shi da kansa ya rarraba nau'o'insa ya kuma tsara tiyatarsa. Ya ƙi yarda a yi masa aiki. Da ya fita hayyacinsa a watan Fabrairun 2006 sai gardama ta kaure a asibiti. Likitocin sa barci suka ja baya, suna cewa mai jikin ya riga ya ce a'a, matarsa Katrin kuma ta dage sai an yi. Aka yi, tsofaffin ɗalibansa suka sa masa jijiyar Dacron. Ya yi wata takwas a asibiti, ya tashi, daga baya ya nuna jin daɗinsa da aka ƙi bin maganarsa. Masana ɗa'ar aikin likita dai har yau suna jayayya a kan ko daidai ne a tsallake abin da majinyaci ya zaɓa, ko da abin ya zo da kyau.

A watan Afrilun 2008 majalisar Amurka ta ba shi lambar yabonta ta zinare. Ya rasu ranar 11 ga Yuli na wannan shekarar a Houston, saura wata biyu ya cika shekara 100, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.