Rene Dubos (1901–1982): Masanin da Ya Tono Magani Daga Cikin Ƙasa

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa shagunan sayar da magungunan dabbobi a Jos ko Bukuru zai ga 'yan fakitocin garin magani da ake zuba wa kaji a ruwan sha. A jikin wasu daga cikinsu akwai sunan kolistin. Wannan magani yana cikin dangin sinadaran da masana ke kira feftayid, wato gajerun sarƙoƙi na amino asid, kuma yana kashe ƙwayoyin cuta ne ta hanyar mannewa a tantanin da ya lulluɓe su. Mutumin da ya share fagen gano irin waɗannan magunguna shi ne Rene Jules Dubos, Bafaranshe wanda ya yi rayuwar aikinsa a Amurka. Wannan maƙala za ta kawo taƙaitaccen tarihinsa, da bayanin yadda maganin da ya gano yake aiki, da kuma gargaɗin da ya bar mana.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Dubos ranar 20 ga Fabrairu, 1901, a wani ƙaramin gari mai suna Saint-Brice-sous-Forêt, arewa da birnin Faris. Mahaifinsa mahauci ne. Yana ɗan shekara 8 ya yi fama da zazzaɓin ciwon gaɓɓai wanda ya taɓa masa zuciya, ga kuma raunin gani, don haka ya fi shaƙuwa da littattafai a kan wasannin yara. Mahaifin ya rasu a 1919, bayan ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Dubos ya karanci aikin gona a babbar makarantar koyon noma ta Faris, ya kammala a 1921. Daga nan ya sami aiki a Cibiyar Aikin Gona ta Duniya da ke birnin Rum. A can ne ya ci karo da rubutun wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, wanda ya nuna cewa in ana son sanin halin ƙwayoyin bakteriya, to a nazarce su a cikin ƙasar da suke zaune, inda suke gasa da junansu. Wannan tunani ya zauna masa a rai har ƙarshen rayuwarsa. A 1924 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, inda ya yi karatu a ƙarƙashin Selman Waksman a Jami'ar Rutgers, ya sami digirin digirgir a 1927.

Aikinsa a Cibiyar Rockefeller

A wannan shekarar ce Oswald Avery ya ɗauke shi aiki a Cibiyar Rockefeller da ke Niyok. Avery yana neman abin da zai narkar da rigar sukarin da ke kare ƙwayar cutar namoniya. Dubos ya yi tunanin cewa tun da duk abin da ya faɗi ƙasa yana ruɓewa, lalle akwai wata ƙwaya a cikin ƙasa da ke cin wannan riga. Ya kuwa same ta a cikin taɓon wata fadama ta Jihar New Jersey.

Wannan nasara ta ba shi ƙwarin gwiwa. Sai ya riƙa ɗibar ƙasa yana ciyar da ita da ƙwayoyin cuta masu rai, lokaci bayan lokaci, don waɗanda ke iya kashe su su yawaita. A 1939 ya ware wata bakteriya mai suna Bacillus brevis, ya fitar da wani sinadari daga gare ta da aka sa wa suna tirotirisin. Tare da abokin aikinsa Rollin Hotchkiss, suka raba shi gida biyu: giramisidin da tirosidin. Wannan shi ne maganin kashe bakteriya na farko da aka samo ta hanyar bincikar ƙasa da gangan, aka kuma kai shi kasuwa. A lokacin ba a riga an gwada fenisilin a jikin ɓerayen da aka sa wa cuta ba, domin sai a watan Mayu na 1940 Howard Florey da Ernst Chain suka yi hakan a Oxford.

Yadda Maganin Yake Aiki

Kowace ƙwayar halitta tana da tantani mai rufi biyu na kitse, wanda ke tsare abin da ke cikinta. Tantanin bakteriya yana ɗauke da caji irin na gefen batir mai alamar ɗebewa. Shi kuwa tantanin ƙwayoyin jikin ɗan Adam, fuskarsa ta waje kusan ba ta da caji, sannan akwai kolestarol da ke ƙara masa ƙwari.

Tirosidin zobe ne na amino asid 10. Ɓangarensa ɗaya yana da caji mai alamar tarawa, ɗaya ɓangaren kuma yana gudun ruwa yana son kitse. Tun da caji biyu mabambanta suna jan juna, da farko sai ya manne a fuskar tantanin bakteriya. Bayan haka sai ɓangaren mai son kitse ya nutse ciki. Idan suka taru da yawa, sai tantanin ya fara yoyo kamar tsohuwar salka, gishirin fotasiyam da sauran abubuwan da ƙwayar ke rayuwa da su su tsiyaye, ta mutu. Giramisidin kuwa, mai amino asid 15, ba shi da caji. Guda biyu ne ke haɗa kai su zama wani siririn bututu da ya ratsa tantanin daga waje zuwa ciki.

Sai dai an sami cikas. Waɗannan sinadarai ba su iya bambancewa sosai, domin idan aka sa su a jini suna fasa jajayen ƙwayoyin jini. Saboda haka aka taƙaita amfani da su ga raunuka da maƙogwaro da ido. Duk da haka hanyar da Dubos ya buɗe ta yi albarka. A 1942 Georgy Gause da Maria Brazhnikova suka gano giramisidin S a Tarayyar Sobiyet, aka yi jinyar raunukan sojoji da shi. A 1943 aka gano siteriftomaisin a ɗakin binciken Waksman. A 1947 aka gano dangin folimiksin, wanda kolistin yake ciki. Bayan shekaru kuma aka fahimci cewa halittu da yawa suna da irin wannan makami a jikinsu: a 1981 Hans Boman da abokansa sun bayyana shi a wani ƙwaron siliki, a 1987 Michael Zasloff ya same shi a fatar wani kwaɗon Afirka. Fatarmu da yawunmu ma suna fitar da irinsa.

Jarrabawar da Ta Sauya Masa Alƙibla

A 1942 matarsa Marie-Louise ta rasu sakamakon tarin fuka, cutar da maganin da ya gano bai iya komai a kanta ba. Ya koma Jami'ar Harvard na shekara biyu, sannan ya dawo Rockefeller a 1944 ya duƙufa a kan wannan cuta, har ya ƙirƙiro ruwan da ake renon ƙwayarta a ɗakin bincike. A 1946 ya auri Jean Porter, wadda suka rubuta littafi tare a kan tarihin tarin fuka a 1952.

Daga nan tunaninsa ya karkata ga yadda yunwa da cunkoso da damuwa ke ba cuta ƙofa. Tun farkon zamanin waɗannan magunguna ya yi gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta za su saba da su, su daina jin su. Ya faɗaɗa wannan bayani a littafinsa na 1959, Mirage of Health.

Abin da Ya Shafe Mu

Lokaci ya gaskata shi. Kolistin yana mannewa ne a rigar waje ta bakteriya saboda bambancin caji. A 2015 masana a ƙasar Sin suka ba da rahoton wani ƙwayar gado, mcr-1, wanda ke sa bakteriya ta liƙa wani sinadari a rigarta ta rage cajin, sai maganin ya zo ya kasa kamawa. An fara ganinsa a aladu da naman kasuwa, yana kuma iya tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata. A 2017 Sin ta hana sa kolistin a abincin dabbobi don ƙara musu girma. An kuma sami mcr-1 a kajin Nijeriya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kolistin cikin magungunan ajiya, waɗanda likita ke komawa gare su idan saura sun gaza. Filato kuwa yanki ne na kiwon kaji da noman lambu, inda kashin kaji ke zama takin dankali da kabeji da karas. Ƙwayar da ta koyi bijire wa magani a akurki tana iya bin taki ta isa gona, daga gona ta isa kwanon abinci. Ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ta faro tun 1924, ga likitocin dabbobi a kusa. Ya kamata mai kiwo ya nemi shawararsu kafin ya zuba magani a ruwan kajin da lafiyarsu lau.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa Dubos ya shahara a fagen kare muhalli. Ya sami lambar Lasker a 1948 da ta Pulitzer a 1969, kuma shi da Barbara Ward suka rubuta rahoton share fage na taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a Stockholm a 1972. Ya rasu a Niyok ranar 20 ga Fabrairu, 1982, ranar da ya cika shekara 81 cif.

Kammalawa

Mu ɗaliban Hausa muna da rawar takawa a nan. Yawancin masu kiwon da ke sayen waɗannan fakitoci ba a rubuta musu bayanin da harshen da suke ji ba. Idan muka iya fassara musu shi da Hausa mai sauƙi, a rediyo da takardun faɗakarwa, to mun taimaka wajen adana maganin da wata rana ɗan'uwanmu zai buƙata a gadon asibiti.