Hajiya Sa'adatu Barmani Coge

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Hajiya Sa'adatu Ahmad, wadda aka fi sani da Barmani Coge, a ƙauyen Gwaigwayi da ke kusa da Funtuwa, a cikin shekarun 1940. A wancan lokaci yankin yana cikin Lardin Katsina, wanda ya zama Jihar Katsina a 1987. Mahaifinta malamin addini ne, don haka ba a gidan kiɗa ta tashi ba. Waƙa tsintarta ta yi, ba gado ba.

Garin da ta girma a cikinsa ya taimaka ƙwarai wajen wannan tsintuwa. Funtuwa gari ne na auduga da jirgin ƙasa, matattarar fatake da direbobi da ma'aikata daga sassa daban-daban, kuma duk inda kuɗi da baƙi suka taru, makaɗa ba sa nisa. A nan ne Alhaji Mamman Shata ya yi zama mai tsawo. An yi wa Sa'adatu aure tana da kimanin shekara 15, ta auri Alhaji Aliyu, wanda shi kansa makaɗin garaya ne. Maimakon ya hana ta, sai ya ƙarfafa mata gwiwa. Sun haifi 'ya'ya 12. A 1973 ta kama kiɗan amada a matsayin sana'a.

Amada da Fagen Mata

Amada kiɗan mata ne da ake yi da ƙorai. Ana kife su a riƙa kaɗawa, wata kuma a kife ta a kan ruwa domin ta ba da amo mai zurfi. Zabiya tana bayarwa, 'yan amshi suna karɓa, ana guɗa, ana rawa. Fagensa shi ne cikin gida, a ranar biki ko suna.

Kafin a fahimci Barmani, wajibi ne a fahimci wannan fage. A Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran garuruwan ƙasar Katsina, yinin biki na mata ne. Ranar ce ƙawaye suke haɗuwa, kowace ta kawo gudummawa, wato ta rama bikin da aka taɓa yi mata. Ƙawance a tsakanin matan Hausawa ya wuce gaisuwa da hira. Alkawari ne da ya ƙunshi kuɗi da kaya da rufin asiri. Idan irin waɗannan mata suka taru babu namiji a kusa, bakinsu yakan saki. Abin da ba a faɗa a gaban maigida, a nan ake faɗarsa, a yi dariya.

Wannan al'ada ta daɗe. A fadar Kano matan cikin gida sun kasance suna yin wasan gauta, inda suke kwaikwayon sarki da hakimansa. 'Yan mata kuma suna da tashen Mairama da Daudu a watan azumi, wanda yake nuna zaman miji da mata. Ke nan matan Hausawa suna da nasu wasan kwaikwayo na ban dariya tun kafin zuwan dandamali da talabijin. Abin da Barmani ta yi, ita da takwarorinta irin su Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano, shi ne fito da wannan raha daga tsakar gida zuwa rediyo da kaset da manyan taruka, inda maza ma dole suka ji.

Jigogin Waƙoƙinta

Babban jigonta shi ne sana'a. A cikin waƙarta ta A Kama Sana'a Mata, ta yi kira ga mace ta nemi na kanta, kada ta zauna jiran abin da miji zai miƙo. Ba da wa'azi ta isar da saƙon ba, da zambo da habaici ta isar da shi. Ta mai da raguwar mace abin dariya a gaban tsararrakinta, kuma ta san cewa kunyar ƙawaye ta fi faɗan miji tasiri. Wadda aka yi wa dariya a gidan biki, gobe sai ta nemi jarin ƙuli-ƙuli ko ta shiga adashi.

Waƙar Gwarne Ikon Allah ta fi nuna gwanintarta. Gwarne shi ne mace ta sami ciki tun ba ta yaye na goye ba, abin da mata suke yi wa juna gori a kansa. Barmani, mai 'ya'ya 12, ta ɗauki wannan gori ta juya shi ya zama abin alfahari. Haka kuma ta yi waƙa a kan kishiya, ta fito da zafin kishi fili ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Akwai waɗanda suka zarge ta da batsa, musamman saboda waƙar da ta yi a kan ƙirar jikin mace. Zargin yana da tushe, domin wasu kalmominta ba su dace da aji ba, kuma malamin da zai koyar da waƙoƙinta sai ya yi zaɓe, ya duba shekarun ɗalibansa. Amma a tuna cewa maganar cikin ɗakin mata ce aka ɗauka a kaset. Wurin sauraro ne ya canza, maganar tana nan yadda take tun da.

Wasu manazarta na zamani sukan sa ta cikin jerin masu fafutukar 'yancin mata. Wannan ma sai an yi hattara. Barmani ba ta yaƙi aure ba, ba ta raina haihuwa ba. 'Yancin da ta nema wa mace shi ne na aljihu da na baki: ta mallaki abin hannunta, ta kuma faɗi abin da ke damunta, tana cikin ɗakin mijinta.

Rasuwarta

Ta ci gaba da wasa har cikin tsufanta, kimanin shekara 40 tana sana'ar, tana zagaya garuruwan Arewa tare da ƙungiyarta ta mata. Ta rasu a Funtuwa ranar 2 ga Maris, 2013, bayan ta yi fama da rashin lafiya, ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa.