Alhaji Umaru na Salaga, ɗan falke da ya zama limamin Kete-Karachi

'Yan'uwa, a shafin tunawa da magabata na bikin bana mun ɗauko Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu, wanda Turawa suka sani da Imam Imoru. Cikakken sunansa kaɗai ya isa ya nuna hanyar da gidansu ya biyo: Alkabawi, Alkanawi, Assalgawi. Wato asalinsu Kabi, haihuwarsa Kano wajen 1858, zamansa Salaga.

Mahaifinsa falke ne mai safarar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Umaru ya yi karatu a Kano da ƙasar Sakkwato, yana kuma bin ayari. Tun yana saurayi ya tsara littafi da Larabci kan yadda ake rubuta wasiƙa. Ni da aikina rubuta wa ƙungiya takardu ne, wannan ya fi komai burge ni, don falken da ba shi da mai rubuta masa wasiƙa, bashinsa sai ya bi ruwa.

Ya zauna a Salaga lokacin tana babbar kasuwar goro. Nan ya san Bajamushe Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. A 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarakunan Kpembe, kasuwa ta watse, fatake suka bazu, wasu Yendi, wasu Kete-Karachi. Can Kete shi ma ya koma. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar, Salaga ta faɗa hannun Ingilishi, Yendi hannun Jamus, Kete kuwa dama tana hannun Jamus tun kafin nan. Hanyar da mahaifinsa ya bi babu shinge, sai ga iyaka a tsakiyarta. Membobinmu na Bawku sun san ɗacin wannan, haka ma gidajen da dokar korar baƙi ta 1969 ta same su ba takardar da za ta nuna tun yaushe kakanninsu ke nan.

A Kete ya zama limami, ɗalibai suna zuwa masa daga zanguna da dama. Ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'insu. Ya yi waƙoƙi kan zuwan Nasara, kan talauci da wadata, da kan annobar murar 1918. Ya yi aikin hajji ya dawo, ya rasu a Kete a 1934, Allah ya jiƙansa. Tsohon garin da ya yi limanci a ciki, ruwan Volta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo.