Marion Crawford, Malamar Sarauniya Elizabeth da Littafi Ɗaya Ya Raba Ta da Fada

Cikin watan Janairu na 1950 wata mujallar mata ta Amurka mai suna Ladies' Home Journal ta fara buga wani labari kashi-kashi a kan ƙuruciyar 'ya'yan Sarkin Ingila guda biyu, Gimbiya Elizabeth da ƙanwarta Gimbiya Margaret. Sunan da aka sa a matsayin marubuciya shi ne Marion Crawford, macen da ta shafe fiye da shekara 15 tana koyar da yaran a cikin gidan iyayensu. Kafin shekarar ta ƙare an tattara labarin ya zama littafi mai suna The Little Princesses, wato ƙananan gimbiyoyi, ya kuma yi kasuwa sosai a Amurka da Birtaniya. Babu zagi a cikinsa, babu wani abin kunya da ya bankaɗo. Duk da haka, tun daga wannan shekara har ƙarshen rayuwarta, gidan sarautar bai sake buɗe mata ƙofa ba.

An haifi Marion Crawford ranar 5 ga Yuni, 1909, a ƙauyen Gatehead da ke yankin Ayrshire na ƙasar Sikotlan, ta kuma taso a garin Dunfermline. Ba 'yar masu sarauta ba ce, ba kuma 'yar masu dukiya ba. Ta yi karatun aikin malanta a kwalejin Moray House da ke Edinburgh, inda aikin gwaji ya kai ta unguwannin talakawa, ta ga yaran da yunwa da rashin kulawa suka dakushe wa basira. Burinta a lokacin shi ne ta ƙware a ilimin halayyar yara, ta yi aiki da irin waɗannan.

Aikin hutu ne ya karkata akalar rayuwarta. Ta koyar da 'ya'yan Lord Elgin, daga nan kuma ta koyar da 'yar Lady Rose Leveson-Gower. Ita wannan baiwar Allah yayar Elizabeth ce, matar Yarima Albert, ɗan Sarki George na Biyar na biyu, mai riƙe da sarautar York. Ta wannan hanya ce ma'auratan suka gan ta, ta kwanta musu, suka nemi ta zo Landan ta koyar da 'ya'yansu. A farkon shekarun 1930 ke nan, ita ko shekara 25 ba ta cika ba. Tsofaffin fada sun ga ta yi ƙuruciya da wannan aiki, amma ƙuruciyar ce iyayen suke so: wadda za ta iya gudu da tsalle tare da yaran.

A irin waɗannan gidaje aikin mai reno daban, aikin malamar gida daban. Wanka da sutura da abincin yaran suna hannun Clara Knight, wadda ta reni mahaifiyarsu ma, tare da mataimakiyarta Margaret MacDonald. Karatu da ladabi da buɗe ido su ne rabon Crawford. Matsayi ne mai wuyar zama, domin malamar gida ta fi barori daraja amma ba ta kai 'yan gida ba. Tana jin duk abin da ake faɗa, ana kuma sa ran za ta yi kamar ba ta ji ba.

Abin da duniya ta sani game da ƙuruciyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, mafi yawansa daga bakin wannan mace ya fito. Ita ce ta ba da labarin daren da ta fara ganin yarinyar zaune a kan gado, ta ɗaura igiyar rigar barcinta a jikin gadon ta mai da ita linzami, tana kora dawakin da babu su. Ita ce ta faɗi yadda dawakin wasa kimanin 30 ke jere a saman benen gidansu mai lamba 145 a titin Piccadilly, da yadda ake kwance musu sirdi kowane dare kafin a kwanta. Ta bayyana Elizabeth a matsayin yarinya mai son tsari har ya so ya yi yawa, wadda takan sauko daga gado cikin dare don ta daidaita takalmanta, Margaret kuwa mai barkwanci da kwaikwayon mutane, mai wuyar tanƙwarawa. Elizabeth ce ta laƙaba mata sunan Crawfie, wanda ya bi ta har kabari.

Iyayen ba su matsa a kan karatu mai zurfi ba. Abin da suka fi so shi ne 'ya'yansu su yi ƙuruciya mai daɗi, kuma a lokacin babu wanda ya ɗauka Elizabeth za ta hau gadon sarauta. Kakarsu, Sarauniya Mary, ita ce ta dage a ƙara tarihi da labarin ƙasa da karatun Littafi Mai Tsarki, ta kuma zama majinginar Crawford a wannan fage. Malamar ta yi ƙoƙarin nuna wa yaran rayuwar da ke bayan katanga. Ta shigar da su jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, ta kai su shan shayi a wani gidan ƙungiyar mata matasa inda kowa ke ɗaukar kofinsa da kansa, har sai da jama'a suka gane su aka aiko da mota ta kwashe su. Ta hau da su saman motar safa mai bene. Ƙananan abubuwa ne, amma ga yaran da ba su taɓa zama a aji ɗaya da wasu yara ba, su ne kusan iyakar abin da suka gani na zaman talaka.

Shekarar 1936 ta sauya komai. Sarki George na Biyar ya rasu a Janairu, babban ɗansa Edward na Takwas ya hau, sannan ya yi murabus a Disamba domin ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiyar da ta taɓa aure har sau biyu. Yarima Albert ya zama Sarki George na Shida, ɗalibar Crawford mai shekara 10 ta zama magajiya. Iyalin suka koma Fadar Buckingham, wadda malamar ta kwatanta a matsayin wuri mai sanyi da ɓeraye da dogayen barandu. A can ta taimaka aka kafa wa gimbiyoyin rukunin 'yan mata 'yan sikawut a 1937, aka kuma fara kai Elizabeth wurin Henry Marten na makarantar Eton domin ya koya mata tarihin tsarin mulki, fagen da ya fi ƙarfin malamar gida.

Tana wurin a Yuli 1939, a kwalejin sojan ruwa ta Dartmouth, lokacin da Elizabeth mai shekara 13 ta haɗu da Yarima Philip mai shekara 18, kuma bayaninta na wannan rana shi ne masu tarihi ke komawa gare shi har yau. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ta zauna da yaran a Sikotlan, daga 1940 kuma a Fadar Windsor, inda sukan sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa idan jiragen Jamus suka taso. Sarki da Sarauniya suna yini a Landan, don haka shekarun da gimbiyoyin suka zama 'yan mata, a gabanta suka yi su.

Duk wannan lokaci tana ɗage aurenta. Sai a Satumba 1947, tana da shekara 38, ta auri George Buthlay, mutumin Aberdeen, tsohon hafsan soja kuma ma'aikacin banki, wata biyu kafin bikin Elizabeth da Philip. Ba ta haihu ba. Ta ajiye aiki a 1948, aka ba ta wani ɗan gida mai suna Nottingham Cottage a harabar Fadar Kensington ta zauna kyauta, Sarauniya Mary ta ba ta kayan ɗaki, a 1949 kuma aka ba ta lambar girmamawa ta gidan sarauta. A ido an sallame ta da mutunci. Sai dai kuɗin fansho ba su da yawa, mijin kuma yana ganin abin da matarsa ta sani ya fi abin da aka biya ta daraja.

A daidai wannan gaɓa Bruce Gould da matarsa Beatrice, editocin mujallar Amurkar, suka shigo. Batun rubuta wa Amurkawa labarin magajiya ba haramun ba ne a wurin hukuma, domin ana ganin zai ƙara danƙon zumunci tsakanin ƙasashen biyu bayan yaƙi. Shawarar fada ita ce Crawford ta ba wani ɗan jarida amintacce, Dermot Morrah, bayanai, shi ya rubuta, sunanta kada ya fito. A Afrilu 1949 Sarauniya Elizabeth, mahaifiyar gimbiyoyin, ta rubuta mata wasiƙa cikin laushin murya amma ba tare da kwana-kwana ba, ta ce kada ta sa sunanta a kan wani rubutu game da yaran, domin wanda aka amince wa a irin wannan matsayi dole ya kame bakinsa, idan kuwa ba haka ba babu wanda za su sake sakin jiki da shi. Duk da haka Crawford ta sa hannu a yarjejeniya da mujallar, yarjejeniyar da ta ba editocin damar bugawa ko fada ta yarda ko ba ta yarda ba. Wata marubuciyar ƙagaggun labarai, Dorothy Black, ta gyara rubutun ta ƙara masa armashi. Da aka nuna wa Sarauniya kafin a buga, ranta ya ɓaci ƙwarai. An cire wasu sassa, amma bugu bai tsaya ba.

Mai karanta littafin a yau zai yi ta neman laifin ya rasa. Akwai faɗan 'yan uwa tsakanin yaran, akwai ranar da Elizabeth ta kife wa kanta kwalbar tawada a ka saboda darasin Faransanci ya gundure ta, akwai ziyarar Wallis Simpson da sanyin da ya biyo bayanta. Sauran duk yabo ne da ƙauna. Hasali ma littafin ya yi wa masarautar aiki, domin shi ya kafa hoton iyali mai son juna da riƙon amana wanda ta ci moriyarsa shekaru da dama. Laifin yana ga maganar kanta: wadda aka shigar har ɗakin barcin yara ta fito ta sayar da abin da ta gani, bayan an ce mata kada ta yi. A nan ba za a wanke Crawford ba, an gargaɗe ta a rubuce, ta kuma karɓi kuɗi mai yawa. Amma hukuncin ya zarce laifin nesa ba kusa ba, musamman idan aka tuna cewa ƙuruciyarta da damar samun 'ya'yanta na kanta a wannan gida suka ƙare.

Ta bar gidan Kensington a 1950 ta koma Aberdeen. A cikin fada sunanta ya zama kalmar da ake kiran duk wani bara da ya fitar da sirrin gida, daga baya kuma aka riƙa sa ma'aikata su sa hannu a takardar alkawarin riƙe sirri. Ita kuwa ta ci gaba da rubutu. Littattafai sun fito da sunanta a kan Sarauniya Mary, da Elizabeth bayan ta hau mulki a 1952, da Margaret, tana kuma da shafi a mujallar Woman's Own ta Birtaniya. Matsalar ita ce ba ta da sauran abin gani da idonta. A 1955 shafin ya fito da cikakken bayanin faretin sojoji na bikin ranar haihuwar Sarauniya da na sukuwar dawaki ta Ascot, kamar marubuciyar tana wurin, alhali yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ya sa an soke faretin, an kuma ɗage sukuwar. An rubuta shafin tun kafin ranar, ba a kuma iya janye shi ba. Aka yi mata dariya a faɗin ƙasar, aikin jaridarta ya mutu nan take.

Sauran shekara 33 da suka rage mata ta yi su ne a ɓoye. Gidanta yana kusa da hanyar da motocin gidan sarauta kan bi zuwa Balmoral, inda iyalin ke hutun bazara, kuma ba su taɓa tsayawa ba. Mijinta ya rasu a 1977, kaɗaici da baƙin ciki suka yi mata yawa. Ba ta sake buga komai ba, ba ta kuma fitar da wasiƙun da ke hannunta ba, duk da cewa da ta sayar da su da ta samu dukiya.

Ta rasu ranar 11 ga Fabrairu, 1988, a wani gidan kula da tsofaffi a Aberdeen, tana da shekara 78. Sarauniya da mahaifiyarta da Gimbiya Margaret duk suna raye a lokacin, amma babu wadda ta aika ko furanni wurin jana'izarta. A wasiyyarta ta ce a mayar wa Sarauniya dukkan wasiƙu da takardun gidan sarauta da ta adana, aka kuwa kwashe su aka kai ma'ajiyar tarihi ta masarautar.