Hubert Ogunde: Ɗan sandan da ya ajiye kaki ya hau dandamali

An haifi Hubert Ogunde a shekarar 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin Jihar Ogun ta yau. Ya taso yana jin waƙoƙin coci a gefe guda, da kiɗan gargajiyar Yarabawa a ɗaya gefen. Ya fara da aikin koyarwa, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a 1941.

A 1944 ya nuna wasansa na farko a zauren Glover da ke Legas. Karɓuwar da wasan ya samu ta sa ya ajiye kaki, ya kafa ƙungiyar da ake ɗauka ita ce ta farko a Najeriya da 'ya'yanta suka riƙi wasan kwaikwayo a matsayin hanyar cin abinci.

Gari-gari suke bi a babbar mota. Da rana a liƙa takardun talla, da dare zaure ya cika. Akan buɗe da waƙa da rawa, 'yan kallo kuma ba shiru suke zama ba: su yi amshi, su tafa, su yi wa mugu ihu. 'Yan wasa suna jin motsin jama'a, sai su ja abin da ya karɓu, su taƙaita wanda bai karɓu ba. Shi ya sa wasan yau ba ya zama na jiya.

Wannan ne ya tayar wa hukuma hankali. Littafi mutum ɗaya ke karanta shi a ɗakinsa, amma a zauren wasa ɗaruruwan mutane ne ke fusata a lokaci guda, kowa yana ganin fushin na kusa da shi. Turawan mulkin mallaka sun dakatar da wasansa kan yajin aikin gama-gari na 1945 a Jos. An kuma hana nuna wanda ya shirya kan kisan mahaƙa kwal 21 a Inugu a 1949, lokacin da ya kai shi Kano. A 1964 gwamnatin Akintola ta haramta masa wasa a Jihar Yamma saboda Yoruba Ronu, haramcin da bai kau ba sai bayan juyin mulkin 1966.

Daga baya ya koma shirya finafinai. Ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990. Finafinan sun adana kamanninsa da muryarsa, amma dararen da suka firgita masu mulki, waɗanda suka halarta ne kaɗai suka san yadda suke.