Mamo Wolde, Gwanin Gudu na Ƙasar Habasha

Ran da a ke wasan tsere a makaranta, kowa ya san samari ne da 'yan yara ke shiga fili, manya kuwa sai su koma inuwa su yi kallo. A Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, mutum mai shekara 40 magidanci ne, wataƙila ma ya aurar da 'ya. Da za a hange shi da asuba yana sheƙa gudu a kan turba, sai mutane su fito suna tambaya ko lafiya. To, ga labarin wani mutum wanda bai sami abin da ya ke nema a fagen gudu ba sai da ya shekara 36, ya kuma ci gaba da tsere wa samari har ya cika 40. Sunansa Mamo Wolde, mutumin ƙasar Habasha.

Habasha tana can gabas da mu, wajen Bahar Maliya. Ƙasa ce mai tuddai da duwatsu da kwazazzabai masu zurfi. Babban birninta, Addis Ababa, yana bisa tudu wanda tsayinsa ya fi mita 2,300 daga bakin teku. Garuruwanmu na yammacin Zamfara kuwa ba su kai mita 500 ba. Iskar can sama ba ta ƙosar da huhu kamar tamu ta nan ƙasa. Baƙo in ya je, ko ɗan tudu ya hau sai ya yi ta haki. Amma wanda aka haifa can, jininsa ya riga ya saba, ya kan ɗauki iskar da ta ishe shi. Ku riƙe wannan magana, don za mu komo kanta nan gaba.

An haifi Mamo ran 12 ga Yuni, 1932, a wani ƙauye na ƙasar Ada, kudu maso gabas da Addis Ababa. Ya tashi kamar yadda 'yan ƙauye ke tashi, duk inda za a je da ƙafa a ke zuwa, a hau tudu a gangara kwari. A cikin 1951 ya tafi birni, aka ɗauke shi cikin rundunar sojan da ke gadin Sarkin Habasha, Haile Selassie, wato kamar dogaran Sarki ke nan, amma masu bindiga da kaki. A 1953 aka tura shi ƙasar Koriya cikin sojan da Habasha ta bai wa Majalisar Ɗinkin Duniya. Da ya komo gida sai ya duƙufa ga gudu, domin a rundunar nan ana yawan yin wasanni.

Kowace shekara huɗu ƙasashen duniya su kan taru a wani birni su gwada gwanayensu na gudu da tsalle da dambe da iyo da sauransu. Ana kiran taron nan Wasannin Olamfik. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi lambar zinariya, na biyu azurfa, na uku tagulla. A 1956 aka yi taron a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya, shi ne kuwa zuwan Habasha na fari. Mamo yana cikin waɗanda aka zaɓa, yana da shekara 24. Ya shiga tseren mita 800 da na mita 1,500, da kuma na miƙa sanda. Duk ba wanda ya kai ga zagayen ƙarshe. Tun a gwajin farko aka zubar da shi, ya komo gida hannu rabbana.

Da wani ne, da sai ya ce gudu ba rabonsa ba ne, ya bari. Mamo bai bari ba. Abin da ya bayyana shi ne, a gajeren tsere akwai waɗanda suka fi shi zafin nama, amma in tafiya ta yi nisa su kan gaji shi bai gaji ba. Saboda haka sannu a hankali ya bar gajeren gudu, ya koma ga dogo.

A rundunar nan akwai wani soja sa'ansa, Abebe Bikila, wanda shi ma a 1932 aka haife shi. Akwai kuma wani Bature mutumin Suwidin, Manjo Onni Niskanen, wanda ke koya musu dabarun gudu. Horon da ya ke yi musu iri biyu ne. Wata rana su yi doguwar tafiya a guje cikin karkara, suna bin turba da burtali, su hau tudu su sauka, don ƙirji ya buɗe, ƙafa ta yi ƙwari. Wata rana kuma su yi ɗan gajeren gudu da iyakar ƙarfinsu, su huta kaɗan, su sāke, su huta, su sāke, malamin yana riƙe da agogo yana auna su. Na farko shi ke kawo jimiri, na biyu shi ke hana sauri gudu daga ƙafa. Haka su ke yi wata da watanni kafin ranar tsere, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban tseren da su ke shiri dominsa shi ne gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya da ƙanen wani. Tsawonsa mil 26 da ɗoriya, wato kilomita 42 da 'yan kai. Wannan tafiyar wuni guda ce cur ga ƙaƙƙarfan mutum mai ƙafa, amma gwanaye su kan gama ta cikin sa'a biyu da 'yan mintoci.

A 1960 aka yi wasannin a birnin Rum na ƙasar Italiya. Mamo bai je ba. Abebe ya je, ya yi gudun famfalaki ba takalmi, ya zo na ɗaya. Shi ne baƙar fatar Afirka na fari da ya sami zinariya a wasannin nan. Sunansa ya game duniya, Mamo kuwa ba wanda ya san da shi sai 'yan garinsu. Bai yi hassada ba, ya ci gaba da horo tare da abokinsa.

Cikin shekarun nan ya riƙa zuwa Turai yana shiga tseren daji, irin wanda ba a yi a kan shararren fili, sai a ratsa gonaki da taɓo da tuddai cikin tsananin sanyi. A wani gari mai suna Elgoibar, a arewacin ƙasar Sifen, ya ci irin wannan tsere sau huɗu tsakanin 1963 da 1968. Mutanen garin suka so shi ƙwarai, ba su kuwa manta da shi ba.

A 1964 aka taru a Tokiyo, babban birnin Japan. A can ne ɗan damben nan Nojim Maiyegun ya samo wa Nijeriya lambarta ta fari, ta tagulla. Mamo, yana da shekara 32, ya shiga tseren mita 10,000, ya zo na huɗu. Ba matsayi mai ciwo kamar na huɗu, don mutum yana ganin lamba da idonsa amma ba a ba shi kome. Ya kuma shiga gudun famfalaki, amma bai gama ba. Abebe ya sāke cinyewa, alhali kuwa bai fi mako shida da yi masa aiki a ciki ba.

Yanzu fa shekara takwas ke nan Mamo yana nema bai samu ba, ga shi girma ya fara kamawa. Masana sun ce idan mutum ya wuce shekara 30 saurinsa ya kan fara raguwa kaɗan kaɗan, gajiya kuma ta kan daɗe ba ta sake shi ba. Amma jimiri ba ya saurin tafiya kamar sauri, muddin mutum bai daina horo ba. Ban da haka, babba ya fi yaro sanin jikinsa. Ya san inda zai rage gudu, da inda zai ƙara, ba ya zubar da ƙarfinsa tun a farkon hanya don kawai ya ga wasu sun wuce shi. Dogon gudu aikin hankali ne kamar yadda ya ke aikin ƙafa.

A 1968 aka yi wasannin a birnin Meziko. Kun tuna maganar iskar tudu? To, shi ma birnin nan yana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 2,200, kusan daidai da Addis Ababa. Gwanayen da suka zo daga ƙasashen bakin teku suka yi ta haki, wasu har suka faɗi sumammu. Mutanen Habasha da na Kenya kuwa kamar a gida su ke. A tseren mita 10,000 Mamo ya yi kankankan da wani ɗan Kenya, Naftali Temu, har bakin layi. Temu ya riga shi da abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Mamo ya sami azurfa, lambarsa ta fari bayan shekara goma sha biyu.

Bayan mako guda, ran 20 ga Oktoba, aka yi gudun famfalaki. Idon kowa yana kan Abebe, ana jiran ya ci karo na uku. Ashe yana fama da ciwo a ƙashin ƙafa. Da aka yi kamar kilomita 17 sai ya kasa, ya fita gefe. An ce ya riga ya gaya wa Mamo cewa shi ba zai kai ba, nauyin ƙasarsu ya koma kansa. Mamo bai yi gaggawa ba. Ya bar masu zafin kai suka yi gaba, yana biye yana tsince su ɗaya ɗaya. Da tafiya ta yi nisa, shi ma Temu ƙarfinsa ya ƙare, ya koma baya. Mamo ya shigo filin wasa shi kaɗai, ya gama cikin sa'a 2 da minti 20 da daƙiƙa 26. Sai da aka yi minti uku sa'an nan na biyu, wani mutumin Japan, ya iso. Habasha ta ci tseren nan sau uku ke nan a jere, mai shekara 36 ne kuwa ya kawo na ukun. Lalle mahaƙurci mawadaci.

Shekarar da ta biyo Abebe ya yi haɗarin mota, ƙafafunsa suka shanye, bai sāke takawa ba har ya rasu a 1973. Mamo kuwa bai ajiye takalmansa ba. A 1972, yana da shekara 40, ya tafi Munik ta ƙasar Jamus, ya yi tsere da samarin da wasunsu ya isa haifa. Wani Ba'amurke, Frank Shorter, ya zo na ɗaya, Mamo ya zo na uku cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 8. Bai taɓa gudun da ya kai wannan sauri ba a tseren famfalaki duk tsawon ransa. Wanda ya biyo shi a na huɗu wani Ba'amurke ne kuma, Kenny Moore. Ku riƙe sunansa. A watan Janairu na 1973 Mamo ya zo nan ƙasarmu, aka yi Wasannin Afirka a Ikko, wato Legas, ya kuma cinye gudun famfalaki.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1974 soja suka tuɓe Sarki Haile Selassie. Mulkin da ya biyo baya, ƙarƙashin Mengistu, ya zubar da jinin mutane masu yawa. Da mulkin nan ya faɗi a 1991, sabuwar gwamnati ta kama waɗanda a ke tuhuma da hannu cikin kashe-kashen. Aka haɗa da Mamo, aka ce yana da hannu a kisan wani yaro. Shi dai ya ce bai kashe kowa ba, bai kuwa sāke magana ba har ƙarshen ransa. Ya shekara tara a tsare ba a yanke masa hukunci ba. Kenny Moore, wanda Mamo ya raba da tagulla a Munik, ya riga ya zama marubuci. Shi ne ya yi ta rubutu yana tuna wa duniya da tsohon abokin tserensa, yana neman a gaggauta shari'a. A watan Janairu na 2002 kotu ta same shi da laifi, ta ɗaure shi shekara shida, aka sake shi nan take domin ya riga ya yi fiye da haka.

Ya fito da ciwon hanta, jiki ya raunana. Wata huɗu kaɗai ya yi cikin iyalinsa, ya rasu ran 26 ga Mayu, 2002, saura kwana kaɗan ya cika shekara 70. Aka binne shi a Addis Ababa kusa da kabarin abokinsa Abebe Bikila.

To, yara, wanda aka tsere wa bana a filin makaranta, ko ya faɗi jarrabawa, kada ya ce tasa ta ƙare. Ya duba ya ga inda ƙarfinsa ya ke, ya yi ta aiki a kai kowace rana, yadda Mamo ya yi shekara goma sha biyu tsakanin Melbon da Meziko. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa baƙo ke haki idan ya je Addis Ababa?
2. Faɗi irin horo biyu da Manjo Niskanen ke yi wa sojan nan, da amfanin kowanne.
3. Shekarun Mamo nawa sa'ad da ya sami zinariya, nawa kuma sa'ad da ya sami tagulla?
4. Da me babba ya fi yaro a dogon gudu?
5. Ku duba taswira tare da malaminku, ku auna nisan da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, da na Bukkuyum da Gummi, ku gwada su da tsawon gudun famfalaki.