Eric Liddell: Gwanin Gudun Da Ya Ba Ubangiji Ranarsa

Al'ada ce a Turai da Amurka jami'o'i da hukumomin wasanni su keɓe zaure na musamman domin tunawa da tsofaffin gwanayensu. A shekarar 2002 ƙasar Sikotilan ta kafa nata, kuma cikin rukunin farko da aka girmama har da wani tsohon ɗalibin Jami'ar Edinbara mai suna Eric Liddell, wanda a lokacin ya yi shekara 57 a kabari. Me ya sa ba a manta da shi ba? Ga tarihinsa.

An haifi Eric ran 16 ga Janairu, 1902, a birnin Tianjin na ƙasar Sin, inda iyayensa ke aikin bishara. Yana ɗan shekara shida aka kai shi makarantar kwana ta 'ya'yan masu bishara a Landan tare da wansa Robert. Daga can ya wuce Jami'ar Edinbara karatun kimiyya. A nan ne baiwarsa ta fito fili. Ya buga wa Sikotilan wasan zari-ruga sau bakwai, a gudu kuwa babu mai shan gabansa. A wata gasa a 1923 an bangaje shi ya faɗi tun farkon tsere, amma ya tashi ya bi sauran, ya cim musu, ya zo na ɗaya.

Da wasannin Olamfik na 1924 a Paris suka gabato, Birtaniya ta sa rai zai kawo mata zinariya a gudun mita 100, domin nan ya fi ƙwarewa. Sai jadawali ya nuna zagayen farko zai faɗo ranar Lahadi. Tun da sauran watanni Eric ya sanar cewa ba zai yi tsere a ranar Ubangiji ba. Ya sha matsi da suka, amma bai janye ba, bai kuma yi faɗa da kowa ba. Ya koma horon mita 400, wanda mutane ba su ɗauka zai ci ba. Ya sami tagulla a mita 200, sa'an nan ran 11 ga Yuli ya ci zinariya a mita 400 cikin daƙiƙa 47.6, abin da ya kafa sabon tarihi. Bayan 'yan kwanaki ya karɓi digirinsa, ɗalibai suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga gari da shi.

Wani da ya sami irin wannan suna, da sai ya zauna ya ci moriyarsa. Eric kuwa a 1925 ya koma Sin yana koyar da kimiyya a makarantar mishan ta Tianjin. An naɗa shi fasto a 1932, ya auri Florence Mackenzie, 'yar Kanada, a 1934. A 1937, shekarar da yaƙi ya ɓarke sosai tsakanin Japan da Sin, aka tura shi ƙauyen Xiaochang, inda wansa yake likita. Yana yawon wa'azi ƙauye ƙauye a ƙasa da keke, yana kai masu rauni asibiti.

A 1941 hatsari ya yi yawa, sai ya tura matarsa mai juna biyu da 'ya'yansu mata biyu Kanada, shi ya tsaya tare da garken. Bai taɓa ganin autarsa da ido ba. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien tare da baƙi fiye da 1,500. A cikin cunkoso da yunwa ya riƙa koya wa yara darasi, yana ɗauke wa tsofaffi ruwa da gawayi, yana bi da nazarin Littafi Mai Tsarki. Yara suka mai da shi kawunsu.

A nan akwai darasin da ake yawan tsallakewa. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa da fari ya ƙi shirya wasa ranar Lahadi. Da yaran suka yi wasan su kaɗai ya ƙare da faɗa, Lahadi ta gaba sai ga shi a fili yana alƙalanci. Mutumin da ya bar zinariya saboda ranar Ubangiji ya yarda ya busa usur a ranar domin zaman lafiyar yara. Abin da ya hana kansa don ɗaukakarsa, ya yi shi don ƙaunar maƙwabci. A karanta Markus 2:23-28 a ga tushen wannan.

Ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ya kashe shi ran 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43, saura ƙasa da wata shida a 'yantar da sansanin. A 1981 aka yi fim ɗin Chariots of Fire kan gudunsa na Paris. A 1991 jami'arsa ta kafa dutsen tunawa a inda sansanin yake, ɗauke da kalmomi daga Ishaya 40:31.

To, mu fa? 'Ya'yanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse da makarantun Birnin Kudu da Kiyawa suna da ƙarfi da baiwa, wasunsu kuma za a kira su gasa ko atisaye a lokacin sujada. 'Yan kasuwarmu sun san jarabar Gujungu ranar Lahadi. Kada iyaye da dattawan ikilisiya su hana yaro wasa, gama jiki ma kyautar Allah ne. A koya masa ya yanke shawara tun da wuri kamar Eric, ya faɗe ta cikin ladabi, ya kuma shirya ɗaukar asarar da za ta biyo baya, domin ba kowa ne zai bar tsere ɗaya ya ci zinariya a wani ba. Mu tuna Eric ya yi shekara ashirin yana hidima bayan Paris, ba tafi ba kofi. Ubangiji ya ba mu ƙarfin gama namu tseren da aminci. Amin.